Yadda Muka Mayar wa Gahwar Ammu Hamza Warinta

Ban taɓa shiga gahwa, wato wurin shan shayi da shisha, tana da ranta ba. Muna yara a unguwar Hindawiyya ta Jidda iyakarmu bakin ƙofa. Mu wuce da sauri, mu ji ƙarar domino a kan tebur da gurguran ruwan shisha, mu hango ƙafafun maza suna lilo daga kan mirkaz, dogayen kujerun nan na igiya da sai mutum ya ɗan yi tsalle kafin ya hau. Mata ba sa shiga. Da na girma sai shigar ta zama sana'ata, amma sai bayan an kashe garwashin ƙarshe, an ja ƙofa, an bar wa kyanwoyi wurin.

Ina aiki ne da Kawu Bakur, yayan mahaifiyata, wanda ya fara wannan sana'a tun ba a haife ni ba. Idan tsohuwar gahwa ta rufe, mai ginin ya samu wanda zai haya, mu ake kira. Ƙannena da abokansu suna cewa ai aikin banza ne, a kwashe kujeru a shafa fenti. Domin su nake rubuta wannan, ko da yake na san rabinsu ba za su wuce sakin layi na biyu ba.

Kwashe kujeru aikin yini ɗaya ne. Abin da ake biyan mu dominsa shi ne wari. Tsofaffin gine-ginen Balad, tsohon garin Jidda, da dutsen teku aka yi su, dutse ne mai ƙananan ramuka kamar soso, ba ya mantuwa. Shekara arba'in maza suna busa masa hayaƙin jurak, tabar nan mai ɗanƙo da ake cuɗawa da zuma da 'ya'yan itace, shi kuwa yana ta haɗiyewa bai ce komai ba. Ka shafa masa fenti zai yi maka shiru wata guda. Ranar da iskar azyab ta taso daga kudu da zafinta da danshinta, sai bangon ya soma gumi, ya amayar da duk abin da ya ji.

Akwai wani mai sayar da barguna kusa da Bab Makka da ya ce ba zai biya kowa ba, yaran shagonsa suka shafa fenti kala biyu, ya jibge kaya har rufi. Alhazai suka saya suka tafi da su gida. Bayan wata uku wani ya dawo umara, ya zo takanas ya tsaya a bakin shagon. Ya ce tun da ya buɗe bargon a gaban iyalinsa warin taba ya tashi, ake ta yi masa ba'a ana tambayarsa a wane masallaci ne ya yi i'itikafi. Washegari mai bargunan ya zo gidan Kawu da kansa, har da tsarabar dabino.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk suna shiga bayan tsohuwar motar Kawu. Akwai wuƙaƙen kankara guda uku, babba ta bango, siririya ta tsakanin duwatsu, da wata lanƙwasasshiya da ya sa maƙeri ya yi masa don itacen rufi. Akwai burushin kaba, da ruwan kal mai tsami, da buhunan gawayi, da nura, wato farar ƙasar da ake jiƙawa a shafa. Daga sama ake farawa. Hayaƙi sama yake tafiya, don haka itacen rufi shi ya fi kowa sanin sirri. Idan ka kankare shi abin da ke zubowa baƙi ne, mai laushi, kamar alewar da ta ƙone. A ranar farko da na hau tsani ban rufe kaina da kyau ba, sai da mahaifiyata ta wanke mini gashi sau huɗu, tana yi tana tuna mini cewa adabi aka tura ni karanta a jami'a.

Bayan kankara sai wanki da ruwan kal, sai a baza gawayi a ƙasa a rufe ƙofa kwana uku, sai nura shafi uku, kowane shafi a bar shi ya bushe da kansa. Wanda ya kunna fanka don ya yi sauri, ya sake aiki. Daga nan sai jarrabawa. Kawu yana sayen tamis mai zafi guda ɗaya, burodin nan mai faɗi, ya ɗora a kan bulo a tsakiyar ɗakin, ya kife masa kwando saboda ɓeraye, ya rufe ƙofa. Da safe a ɗauko shi a fita waje a gutsura. Burodi ba ya ƙarya. Idan da sauran hayaƙi a bango, za ka ji shi a can bayan harshe.

Na ga abin da gahwohi suke zama. Da yawa sun zama shagon waya. Wasu sun zama sito, an cika su da darduma da jarkoki, ba mai shiga sai ɗan dako. Wata ta zama ɗakin kwanan ma'aikata, gado a kan gado, igiyar shanya ta ratsa daidai inda mai shayi yake tsayawa. Wasu katafila ta cinye kafin mu kai gare su, sai dai mu tsaya mu kalli fili, Kawu ya nuna iska ya ce, “A nan ne murhu yake.” Akwai wadda magada suka kasa shiryawa a kanta, har yau tana nan a kulle, bishiya ta tsiro ta taga, kyanwa bakwai ko takwas suna zaune a kan mirkaz kamar masu jiran a kawo musu shayi. Ɗaya kuma an mai da ita ƙaramin masallaci. Mun yi mata aiki mai kyau, ba wari ko kaɗan, amma liman ya yi ta kawo ƙara cewa tsofaffin unguwa ba sa yarda su daidaita sahu. Kowa yana so ya tsaya a inda kujerarsa take a da.

Mummunar shekararmu ita ce ta korona. Gahwohi suka yi ta rufewa, amma ba wanda ke buɗe komai a madadinsu, don haka ba mai kiran mu. Kawu ya kwanta sati biyu ya tashi lafiya, sai dai hancinsa bai tashi tare da shi ba. Bai gaya wa kowa ba. Mahaifiyata ce ta gane, ranar da ya zo gidanmu ya zauna a falo yana ba da labari, shinkafa tana ƙonewa a kicin har maƙwabta suna buga ƙofa, shi kuwa yana cewa gidan yau akwai ni'ima. Ta kashe wuta, ta dawo ta zauna a gabansa.

“Yaya Bakur, tun yaushe?”

“Tun yaushe me?”

Ta ɗauko tukunyar ta ajiye masa a ƙarƙashin gemu. Ya dubi baƙar shinkafar, ya dubi ƙanwarsa.

“Wata biyu,” in ji shi. “Idan maganar nan ta fita, halas, na gama.”

“Ba za ta fita ba. Ga Sumayya nan zaune, ba aiki sai karatun waƙoƙi da kallon taga. Tun tana goye take gane wanda ya shigo gida kafin ya yi sallama. Ka tafi da ita.”

Haka na zama hancin Kawu. A gaban masu gini shi yake shiga gaba, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya rufe ido, ya ja numfashi mai ƙara kamar yadda ya saba. Ni ina baya riƙe da bokiti. Idan da sauran wari sai in gyara mayafina ta hagu, idan babu ta dama. Sai ya buɗe ido a hankali, ya saci kallona, ya yanke hukunci. Sau ɗaya ƙuda ya dame ni na kai hannu hagu, muka sake wa wani shagon tela nura shafi biyu a banza. Tamis kuwa ni nake ci. Na ci burodin da ya kwana a gahwohi da yawa, har na iya bambanta wadda direbobi suke zama da wadda masunta suke zama.

Aikin da na fi so in ba da labarinsa shi ne wanda muka yi kuskure a cikinsa, kuma kuskuren na gwaninta ne.

Wani saurayi ne ya zo, Rayyan, jikan Ammu Hamza. Su ma jinin Hausa ne, kakannin kakanni suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna, amma Hausar Rayyan ta ji jiki, idan zai yi magana sai ya fara da ita ya ƙarasa da Larabci. Ammu Hamza yana da gahwa a wani lungu a Balad, ta yi shekaru a kulle tun da idanunsa suka tafi. Rayyan yana so ya buɗe ta, irin ta zamani da ake zuwa a sha kofi a ɗauki hoto a jikin tsohon bango. Ya ce mu kwashe shara, mu sake saƙa igiyar mirkaz guda shida, mu toshe inda ruwa ke zuba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ba mu makulli, ya ce zai yi tafiyar sati biyu sayo injin kofi.

To Kawu yana da wata al'ada. Idan aikin na gidan mutumin da yake ganin girmansa ne, sai ya yi gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara biyu a kan kashi. Ammu Hamza kuwa shi ne ya fara ba shi aiki yana saurayi. Da muka gama abin da aka sa mu a kwana huɗu, Kawu ya tsaya yana kallon rufin nan baƙi ƙirin, ya saci kallona. Na gyara mayafi ta hagu, domin gaskiya warin wurin har tsayawa yake a wuya.

“Yaron nan bai san abin da yake bukata ba,” in ji Kawu. “Kunya ce ta hana shi tambaya, yana tsoron kuɗi. Za mu yi masa kyauta. Ɗauko tsani.”

Ban taɓa ganin ya yi aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Ya bi tsakanin duwatsu ɗaya bayan ɗaya da siririyar wuƙa. Ya yi wa bangon nura shafi huɗu a maimakon uku. Ranar da na gutsura tamis ɗin, ɗanɗanonsa kamar yanzu aka zaro shi daga tanda.

Rayyan ya dawo ranar Alhamis. Kawu ya sa farar riga ya tarye shi a bakin ƙofa, ya buɗe masa da kansa. Yaron ya shiga, ya tsaya, ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Sai ya nemi gefen mirkaz ya jingina.

“Ya ammi Bakur, ina warin?”

“Ko ɗigo babu,” in ji Kawu, yana murmushi. “Kuma ba ka da bashin ko riyal. Don kakanka na yi.”

Rayyan ya ɗora hannu biyu a ka. Da ƙyar, rabi Hausa rabi Larabci, ya fahimtar da mu. Ginin har yanzu na Ammu Hamza ne, kuma ba ya son zancen kofi da hoto. Wani mai sito ya daɗe yana bin sa ya ba shi wurin ya zuba barguna. Tsohon ya ce wa jikansa abu ɗaya. Za a kai shi ranar Juma'a ta sama bayan la'asar. Idan ya shiga ya ji gahwarsa ce, Rayyan ya riƙe makulli. Idan ya shiga ya ji wani wuri ne daban, a miƙa wa mai barguna, shi ya huta. Mutumin da ba ya gani kuwa ba da fenti zai gane ɗakinsa ba.

“Na yi masa rantsuwa ban taɓa komai ba,” in ji Rayyan. “Wallahi, ya ammi, da asibiti ka kai shi da ya fi jin yana gida.”

Muka shiga mota ni da Kawu. Ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba.

“Shekara arba'in ina fitar da wari,” ya ce. “Ban taɓa tambayar ta wace ƙofa yake shiga ba.”

Kwana takwas muke da su mu mayar da warin. A rana ta farko Kawu ya sayo jurak kilo biyu, ya zuba a kasko a kan garwashi, muka rufe tagogi muka fita. Da safe na ci burodi. Ɗanɗanon gobara ne. A rana ta biyu muka kwaso tsofaffin igiyoyin mirkaz da muka cire, Allah ya sa ba mu zubar ba, muka tura su ƙarƙashin kujeru. Ya ɗan yi dama, amma kamar ka ji muryar mutum daga gidan maƙwabta.

“Me ya rage?” in ji Kawu. “Ke ce kika ji warin asalin. Faɗa mini.”

Na rufe ido na tuno. Akwai shayin da ya zube ya bushe ya sake zubewa. Akwai na'ana'a da ta kwana, da man tsohuwar fanka, da takalman da aka tuɓe, da rigunan da suka yi yini a rana. Shi kansa hayaƙin ba irin na kasko ba ne. Na ce masa hayaƙin da ya ratsa ruwa, ya shiga ƙirjin mutum, ya fito tare da magana, daban yake, ya fi sanyi, ya fi nauyi.

“Wato mutane,” in ji Kawu.

“Mutane, Kawu. Tsofaffi.”

Ya san inda zai same su. Tun da gahwohin unguwa suka ƙare, tsofaffin da ke zama a cikinsu sun watsu a bakin shagunan 'ya'yansu, kowa a kan kujerar roba, ana ce masa ya matsa ya tare hanyar masu saye. Kawu ya nufi Bab Makka wajen Baba Idi, tsohon direban babbar mota, dogo, siriri, mai hula a karkace, wanda yake yini a ƙofar shagon atamfar surukinsa yana gyara wa masu wucewa tafiyarsu. Kawu ya yi masa bayani. Baba Idi ya saurara har ƙarshe.

“Bari in gane, Bakur. Gahwar Hamza. Mu shiga mu zauna, mu sha shisha, mu sha shayi, mu buga domino, ba mai cewa mu tashi.”

“Kwana shida.”

“Kuma wannan taimako ne muke yi maka.”

“Babban taimako.”

Baba Idi ya gyara hularsa. Ya ce shi mutum ne mai harkoki da yawa, amma zai duba.

Washegari bayan azahar ya iso da mutum goma sha ɗaya, biyu da sanda, ɗaya jikansa ya turo shi a keke ya ajiye ya gudu. Suka zo da sharuɗɗa. Shayi a ƙaramar buta za a kawo wa kowa tasa, ba a kofin takarda ba. Fankar rufi a mayar da tsohuwar, mai kuka, sabuwar nan shirunta yana hana mutum tunani. Rayyan, mai injin kofi daga ƙasar waje, shi ya koma ɗaukar garwashi da mafici. Ni kuwa aka ce in zauna a mota, domin wasu maganganun domino ba na kunnen 'ya mace ba ne. Daga motar ma ina jin su sarai.

Sabuwar nura tana da ƙishi, wannan ne ya taimake mu. Kowace safiya ina zuwa kafin kowa, in buɗe ƙofa, in ɗauko burodin. Hasken safe yana shigowa ta tsagar taga ya tsaya a cikin ragowar hayaƙin jiya kamar sanda. A rana ta uku na ce hayaƙi ya fara kamawa, amma ƙasa ta yi tsabta da yawa, babu shayi a cikinta. Kawu ya roƙi Baba Idi su riƙa ɗan zubar da shayi a ƙasa.

“A'a,” in ji Baba Idi. “Mu ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne. Shayi ba a zubar da shi da gangan. Ka nemo mana wanda zai yi maguɗi, zai zube da kansa.”

Aka aika Hindawiyya aka ɗauko wani tsohon tela da aka daina wasa da shi tun da daɗewa saboda yana ɓoye domino a naɗin zanensa. Kafin la'asar na ji an daki tebur, butoci sun yi tsalle, wani yana rantsuwa da kabarin mahaifinsa cewa ya ga biyar-biyar ta fito sau biyu. Kawu ya leƙo ta tagar mota fuskarsa tana haske.

“Buta uku,” ya ce. “Ɗaya har bango.”

A rana ta biyar wata mata ta zo neman mahaifinta, ta ce likita ya hana shi hayaƙi. Aka nuna mata shi a kusurwa yana barci, bakinsa a buɗe, takalmansa a ƙasa. Baba Idi ya ce mata bai taɓa shisha ba, aikinsa daban ne, kuma yana yin sa da kyau. Ta dubi mahaifin nata ta daɗe, ta ce rabonsa da barcin rana irin wannan tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce a tashe shi kafin magariba, ta tafi.

Safiyar Juma'a azyab ta taso, gari ya yi nauyi, riga tana manne wa mutum. Na gutsura burodin a bakin ƙofa, Kawu da Rayyan suna kallon bakina. Ba warin asalin ba ne. Shekara arba'in ba ta shiga kwana shida. Amma ɗan'uwansa ne na jini, na gaya musu haka. Rayyan ya ce a share wurin, kowa ya tafi gida kafin la'asar, kada kakansa ya tarar da kowa. Duk suka tafi ban da Baba Idi. Ya ce shayinsa bai ƙare ba, zai zauna can ƙurya ba zai yi ko tari ba, makaho ai ba zai gan shi ba. Lokaci ya ƙure, aka ƙyale shi.

Ammu Hamza ya iso riƙe da kafaɗar jikansa, ɗan ƙaramin tsoho cikin farar jallabiya, idanunsa a buɗe suna kallon sama kaɗan. A bakin ƙofa ya saki kafaɗar, ya tsallake dokin ƙofar ba tare da an gaya masa yana nan ba. Ya yi taku uku ya tsaya. Fanka tana kuka a sama. Ya miƙa hannu ya shafa bango, ya murza yatsunsa.

“An shafa nura.”

Rayyan ya buɗe baki, Kawu ya riga shi.

“An shafa, Ammu.”

“Bakur ne? Na ji hannunka. Har yanzu kana cika ruwa a shafin ƙarshe.”

Sai ya ɗaga kai ya ja numfashi a hankali, ya riƙe, ya saki. Ya sake ja. Ba wanda ya motsa. Na ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnen Kawu. Fuskar tsohon ta soma canzawa, girarsa ta haɗe.

“Rayyan.”

“Na'am, Sidi,” in ji shi, yadda ake kiran kaka a nan.

“Ka ce mini wurin nan a kulle yake tun da na bar shi.”

“Sidi, ai…”

“Ƙarya kake. Idi ya shiga nan.” Ya juya hancinsa hagu, ya juya dama. “Duk Jidda mutum ɗaya ne yake murza ɓawon lemo a cikin jurak, ya ɓata wa mutane kan shisha. Na kore shi daga gahwar nan tun kafin a yi auren ubanka. Na ce ko gawata aka shimfiɗa a nan kada ya shigo. Wa ya buɗe masa ƙofata?”

Daga ƙurya aka ajiye kofi a kan faranti.

“Ba don lemo ka kore ni ba, Hamza. Don na ci ka sau uku a jere ne a gaban surukinka.”

Ammu Hamza bai ko juya ba.

“Yana nan ma. Fita.”

“Ban gama shayina ba.”

“A gahwata kake, ni nake cewa an gama. Yalla.”

Ya yi taku biyu zuwa dama, ya laluba, hannunsa ya sauka a kan mirkaz na kusa da murhu. Rayyan ya matso zai taimaka, ya ture shi, ya dafa, ya yi ɗan tsallen nan ya hau, ya tanƙwashe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa. Ya zauna yana huci, yana shafa sabuwar igiyar da tafin hannu.

“Igiyar ta yi tauri. Za ta saki. Kai yaro, makullin yana wajenka?”

“Yana nan, Sidi.”

“Riƙe shi. Ka gaya wa mai bargunan ya nemi wani wuri. Amma ka ji sharaɗina, wancan dogon kada ya ƙara taka mini ƙofa.”

“To, Sidi.”

Baba Idi ya miƙe, ya gyara hula, ya kama hanyar fita a hankali, yana jan takalmi yadda kowa zai ji. Ya kai bakin ƙofa.

“Ina za ka?” in ji Ammu Hamza. “Kawo dominon nan tukuna. Ramukansu nake ji da yatsa, ba sai na gani ba. Sau uku a jere, in ji ka. Zauna in ci ka, sannan ka fita.”